Yadda Za a Mayar da Tantance Masu Neman Gurbin Karatu Kan Kwamfuta Ba Tare da An Ci Haƙƙin Kowa Ba

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin ɗaukar ɗalibai lokacin tantancewa ya san kamannin ɗakin. Fayil-fayil jibge har bakin taga, magatakarda sai aike yake a kawo masa jerin sunaye, iyaye sun yi cirko-cirko a baranda, ga wani ma'aikaci riƙe da kalkuleta da ƙarfe goman dare yana lissafa makin ɗalibi na dubu uku. A irin wannan gajiya ake rubuta 26 a wurin 62, kuma a cikin wannan hayaniya mai uwa a gindin murhu yake samun ƙofa. Saboda haka duk makarantar da ta ce za ta mayar da aikin kan kwamfuta ta yi tunani mai kyau.

Amma kwamfuta umarni kawai ta sani. Kuskuren da ma'aikaci zai yi wa mutum ɗaya, ita sai ta yi wa dubu goma kafin ƙiftawar ido, ta kuma buga shi tsaf-tsaf a takarda yadda ba mai zargin komai. Shi ya sa yawancin abin da zan faɗa a nan aikin biro da takarda ne da zaman kwamiti. Misalaina daga tsarin Najeriya na ɗebo mafi yawansu, inda JAMB ke shirya jarrabawar UTME, WAEC da NECO da NABTEB ke ba da sakamakon sakandare, amma matakan ba sa canzawa ko a wace ƙasa ce.

## Mataki na farko: a rubuta ƙa'ida kafin a kira mai rubuta manhaja

Nan ne ake yin tuntuɓe tun ba a fara tafiya ba. Sai a kira matashin da ya iya rubuta manhaja a ce masa, "Ka yi mana abin da zai riƙa fitar da waɗanda suka cancanta." Shi kuwa da ya tarar da wurin da ba a yi masa bayani ba, sai ya cike da ra'ayinsa. Da haka yaron da ba ya cikin kowane kwamiti ya zama shi ne mai tsara wa jami'a dokar ɗaukar ɗalibai, ba tare da shi kansa ya sani ba.

Ku zauna, magatakarda da jami'in ɗaukar ɗalibai da shugabannin tsangayoyi, ku fitar da takarda guda ga kowane kwas. A ciki a amsa tambayoyin nan dalla-dalla. Waɗanne darussa biyar ake bukatar kiredit a cikinsu? Ana karɓar zama biyu, wato haɗa sakamakon jarrabawar sakandare da aka yi sau biyu, ko sai zama ɗaya? In ana karɓa, za a iya haɗa WAEC da NECO? Waɗanne darussa huɗu ya kamata ɗalibi ya rubuta a UTME? Mene ne mafi ƙarancin maki? Wanda sakamakonsa bai fito ba, zuwa wace rana za a jira shi? Mai shigowa aji biyu kai tsaye da difloma ko NCE ko IJMB (karatun share fagen shiga jami'a), da wane ma'auni za a auna shi, kuma gurbi nawa aka ware masa?

Za ku sha mamakin yawan wuraren da shugabannin sassa biyu na tsangaya ɗaya suke aiki da fahimta daban-daban shekara da shekaru. Wani yana karɓar darasin noma a madadin bayoloji, maƙwabcinsa ba ya karɓa, kuma kowa ya rantse haka dokar take. Irin wannan saɓani a teburin kwamiti ake kashe shi. Abin da aka amince da shi a kai wa majalisar dattawan jami'a, ko hukumar karatu in kwaleji ce, ta sa hannu, a buga kwanan wata. Wannan takarda ita ce uwar manhajar, kuma ita za ku ɗauko ranar da wani uba ya zo da lauya.

A nan kuma ake rubuta adadin guraben kowane kwas. Makaranta ba ta ƙirƙiro wannan adadi da ka: NUC ke duba ƙarfin jami'o'i, NBTE na kwalejojin kimiyya da fasaha, NCCE na kwalejojin ilimi, sannan kwasa-kwasai irin likitanci da lauya suna da hukumomin sana'a da ke ƙayyade musu nasu kason. Manhaja ta ƙi wuce adadin ko da mutum ɗaya, sai da izini rubutacce.

Abu na ƙarshe a wannan mataki: ku shardanta wa mai manhaja cewa kada ya binne ko lamba ɗaya a cikin rubutun manhajar. Mafi ƙarancin maki, nauyin kowane ɓangare, shekarun haihuwa, duk su zauna a shafin saiti inda za a iya canza su kowace shekara. Dalili kuwa a fili yake. A 2005 aka fara jarrabawar bayan JAMB, wato ta tantancewa da makaranta ke yi da kanta, a 2016 ministan ilimi Adamu Adamu ya soke ta, a 2017 aka dawo da ita. A 2024 an yi ta ja-in-ja kan ko shekara 18 ce mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, daga baya aka tsaya a 16. Manhajar da sai an nemo wanda ya rubuta ta kafin a canza 18 zuwa 16 ta zama kaya, musamman in ya riga ya bar aiki.

## Mataki na biyu: lissafin maki

Bari mu ɗauki tsari guda mu bi shi da lambobi. A ce jimilla 100 ce: UTME 50, jarrabawar tantancewa ta makaranta 30, sakamakon sakandare 20. UTME kan 400 ake yin ta, don haka sai a raba makin da 8. A sakandare kuma a ba kowane mataki daraja: A1 maki 4.0, B2 3.6, B3 3.2, C4 2.8, C5 2.4, C6 2.0. Darussa biyar duk A1 sun ba da 20 ke nan. D7 da E8 da F9 ba kiredit ba ne, ba su da komai.

Ga ɗaliba ta ci 264 a UTME, wato 33. Ta samu 21 a tantancewa. Darussanta biyar A1, B2, B3, B3, C4, sun haɗa 16.8. Jimillarta 70.8. Ga kuma ɗalibi ya ci 288, wato 36, ya samu 22 a tantancewa, amma sakamakonsa B3, C4, C5, C6, C6 ne, wato 12.4. Jimillarsa 70.4. In gurbi ɗaya ya rage, nata ne.

To yanzu a taɓa nauyin kaɗan: tantancewa ta koma 40, sakandare ta sauka 10. Ita ta koma 69.4, shi ya haura 71.5. Mutanen ba su canza ba, takardunsu ba su canza ba, amma gurbin ya koma hannunsa. Wannan ya isa ya nuna muku cewa zaɓen nauyi hukunci ne a kan rayuwar mutane, kuma dole a yanke shi a sanar da shi kafin a buɗe shafin cike fom. Duk wanda ya canza nauyi bayan ya ga makin ɗalibai, ko da niyyarsa fara ce tas, ya buɗe ƙofar da ba zai iya rufewa ba.

Ra'ayina a kan sakamakon sakandare shi ne kada a ba shi nauyi mai yawa. Makarantun da ake kai yara don a "taimaka" musu ba ɓoyayyu ba ne, kuma A1 tara da aka samo ta wannan hanya ba ta bambanta da ta gumi a idon kwamfuta. Wasu za su ce ai UTME ma rana ɗaya ce, yaro na iya tashi da zazzaɓi. Gaskiya ne, shi ya sa ake haɗa ma'auni uku. Kowace makaranta ta auna da kanta, amma ta rubuta dalilinta.

Sai batun cike lamba, wanda ake rainawa. Mai 267 in an raba da 8 ya samu 33.375, mai 261 ya samu 32.625. In manhaja tana cike kowane ɓangare zuwa cikakkiyar lamba kafin ta haɗa, dukansu 33 za su zama, maki shida na UTME sun bi iska. A kwas irin likitanci, inda mutum goma za su iya cunkushewa a cikin rabin maki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A bar lambobi yadda suke har ƙarshe, a jera mutane da cikakkiyar jimilla, in ma za a taƙaita to a wurin nunawa kawai.

Kunnen doki kuwa dole ne a yi shi. A rubuta abin raba gardama tun yanzu: wanda ya fi a UTME, in sun yi daidai wanda ya fi a darasin da ya fi shafar kwas ɗin, in har yanzu daidai ne mai zama ɗaya ya sha gaban mai zama biyu. In ba a rubuta ba, kwamfuta za ta raba da kanta, ko ta harafin farkon suna ko ta wanda ya riga shiga rumbun bayanai. Sai ka ga masu suna da harafin A suna shiga, masu Z suna komawa gida, ba wanda ya lura.

Idan ɗalibi yana da zama biyu, a fayyace ko manhaja za ta ɗauki mafi kyawun mataki na kowane darasi daga cikin biyun, da kuma ko akwai ragin maki saboda zama biyu.

## Mataki na uku: shigo da bayanai da wanke su

Ƙa'ida ɗaya ce a nan: abin da za a iya samu daga tushe, kada a bar ɗalibi ya rubuta shi da hannunsa. Tun 2017 JAMB take aiki da tsarin CAPS, shafinta na intanet na ba da gurbin karatu, inda makaranta ke sauke jerin waɗanda suka zaɓe ta, da makinsu da darussansu da jiharsu da hotonsu. Wannan shi ne tushe. Shafinku na tantancewa ya nemi lambar rajistar JAMB kawai, sauran bayanan su fito da kansu a kulle. Ɗalibi ya ƙara abin da babu, kamar lambar jarrabawar sakandare da shekararta.

Sakamakon sakandare kuma a tabbatar da shi daga hukumar da ta bayar. Hoton takarda da aka ɗora ba hujja ba ce, domin mayar da D7 zuwa B3 aikin minti biyar ne ga duk mai wayar zamani. WAEC da NECO duk suna da hanyoyin tabbatarwa ta intanet. In masu nema sun yi yawa, a fara da waɗanda suka shiga jerin farko da na jiran tsammani, amma kada a tura sunan kowa gaba ba a tabbatar ba.

Kada ku taɓa haɗa bayanai da suna. Mutum ɗaya Muhammad ne a JAMB, Mohammed a WAEC, Muhammadu a takardar haihuwa. A wani gefen kuma kuna iya samun mutum bakwai masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya suna neman kwas ɗaya. Lambar rajista ita ce igiyar da ke ɗaure komai, lambar NIN ta zama mai tabbatarwa, tunda tun 2021 ba a rajistar UTME sai da ita. Ku kuma gwada manhajar da sunaye irin Sa'adatu da Mu'azu da Isma'il. Wannan ɗan waƙafi na sama yakan karya manhajar da aka rubuta da gaggawa, kuma manhajar da suna ya karya, ɓarawon intanet ma zai iya fasa ta ta wannan ƙofar.

Game da Excel: yana da amfani wurin dubawa, amma kada ya zama gidan bayananku. Yakan hadiye sifilin farkon lambar waya. Lambar da tsawonta ya wuce alƙaluma 15 yakan mayar da wutsiyarta sifili. Yakan karanta 03/04 a matsayin Maris ko Afrilu gwargwadon saitin kwamfutar da aka buɗe shi. Tsohon nau'insa ba ya ɗaukar layi sama da 65,536, kuma wannan ne ya sa hukumar lafiya ta Ingila ta ɓatar da sakamakon gwajin korona kusan 16,000 a 2020. In hakan ta faru da su, ku ma ba ku fi ƙarfinta ba.

Na taɓa gani da idona a wata makaranta da na yi wa aiki. Ma'aikaci ya so ya jera maki daga sama zuwa ƙasa, sai ya haska ginshiƙin maki shi kaɗai ya danna. Maki suka jeru, sunaye suka tsaya inda suke. Na farko a jerin sunaye ya wayi gari da maki mafi yawa a tsangaya. Abin da ya cece mu shi ne wata malama da ta ga sunan yaron da ta sa ido a kansa ranar jarrabawa, wanda ta san ko rabin tambayoyin bai taɓa ba. Kwana biyu muka yi muna warwarewa. Tun daga ranar ban yarda a riƙe makin ɗalibai a wani wuri ba sai a rumbun bayanai na gaske, irin PostgreSQL ko MySQL, inda suna da maki suke ɗaure a layi ɗaya.

Fayil ɗin da kuka sauke daga tushe a adana shi yadda ya zo, kada a taɓa. Duk gyara a kan kwafi ake yi. Wanda bayanansa suka yi karo da juna, manhaja kada ta jefar da shi, ta ware shi a jerin "sai an duba" mutum ya kalla.

## Mataki na huɗu: in za a yi jarrabawa a kan kwamfuta

Wasu makarantu ba sa yin jarrabawa, takardu kawai suke aunawa. In kuna cikinsu ku tsallake nan.

Masu yi kuwa, uwar garken jarrabawa, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da tambayoyi da amsoshi, ta kasance a cikin ginin, kwamfutoci su haɗu da ita ta waya, kada a dogara da intanet. Kowace amsa a adana ta a daidai lokacin da ɗalibi ya danna, yadda in wuta ta ɗauke zai ci gaba daga inda ya tsaya da sauran mintocinsa. A tanadi batir da janareta, da kwamfutocin ko-ta-kwana. A ƙofa a gwada zanen yatsa ko fuska da hoton JAMB, don maganin sojan gona. Makafi da sauran masu bukata ta musamman a tambaye su tun a fom, a shirya musu tun kafin ranar.

Abin da aka fi mantawa shi ne rukuni-rukuni. Mutum dubu goma ba za su zauna lokaci ɗaya ba, kuma in tambayoyin iri ɗaya ne, 'yan yamma sun ji komai daga bakin 'yan safe. In kuma an bambanta, wani rukunin zai iya faɗawa kan masu tsauri. Maganin shi ne malamai su kasa tambayoyin rumbu gida uku, masu sauƙi da matsakaita da masu wuya, manhaja ta ɗebo wa kowa adadi ɗaya daga kowane gida. Bayan an gama a kwatanta matsakaicin makin kowane rukuni da kowane ɗaki. In wani ya faɗi warwas ba dalili, a binciki na'ura kafin a zargi yara. A 2025 JAMB da kanta ta amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, shugabanta Farfesa Is-haq Oloyede ya fito ya ba da haƙuri, aka sake musu jarrabawa.

## Mataki na biyar: rabon gurabe

A jami'o'in tarayya kashi 45 cikin 100 na cancanta ne zalla, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Makarantun jihohi suna da nasu rabon, galibi bisa ƙananan hukumomi. Kwas mai gurbi 120 a jami'ar tarayya zai kasu 54, 42 da 24.

Jerin yadda ake cikewa shi ne magana. A fara da cancanta: a jera kowa da kowa, ko daga ina yake, a ɗauki 54 na sama. Daga waɗanda suka rage a tsamo 'yan yanki a ɗauki 42. Daga sauran a cike 24. In aka juya aka fara da kason yanki, haziƙan yankin da za su iya shiga da ƙarfin makinsu sai su cinye kason, 'yan'uwansu masu matsakaicin maki, waɗanda domin su aka yi kason, su rasa. Lissafin zai fito daidai, 120 cif, amma manufar ta mutu. Mai rubuta manhaja ba zai san wannan ba in ba ku faɗa masa ba.

Akwai ƙananan tambayoyi da ke biyo baya. Gurbi 50 zai ba da 22.5 da 17.5 da 10, to rabin mutum wa za a ba? In wata jiha ba ta kawo wanda ya kai mafi ƙarancin maki ba, gurbinta ina zai koma? Ɗalibin da jiharsa take cikin yanki kuma take cikin waɗanda aka bari a baya, a wane kaso za a fara lissafa shi? Duk a mayar da su takardar mataki na farko.

Waɗanda suka ci maki mai kyau amma kwas ɗinsu ya cika, manhaja ta duba sauran kwasa-kwasan da darussansu suka dace da su kuma akwai sarari, ta ba da shawara. Shawara kawai. Kada a wayi gari an mayar da mai son likitanci sashen da bai taɓa jin sunansa ba, ba tare da an tambaye shi ba.

## Mataki na shida: wa ke da ikon taɓa me

Kowane ma'aikaci da sunan shigarsa da lambar sirrinsa. Lambar sirri ɗaya da ofis duka suka sani, wadda aka manna a jikin allon kwamfuta, daidai take da barin ƙofa a buɗe. Mai shigar da bayani daban, mai amincewa daban. Wanda ya rubuta manhaja kada ya kasance yana iya canza maki a rumbun da ake aiki da shi.

Sai kundin sawu, wanda a wurina ya fi kowane ɓangare na manhajar daraja. Duk canjin da aka yi ya rubuta wanda ya yi, da lokaci, da abin da ke wurin a da, da abin da ya koma, da dalili. Ba mai iya gogewa, har shugaban makaranta.

Nan ne za ku gamu da turjiya, don haka gara mu faɗi gaskiya. Alfarma ba za ta ɓace don an sayo kwamfuta ba. Takardu za su ci gaba da zuwa daga manya. In dokar makarantarku ta ware wani kaso na 'ya'yan ma'aikata ko makamancinsa, a ba shi gurbinsa a fili, da adadinsa, da sharaɗin cewa sai an cika mafi ƙarancin maki, da sunan mai sa hannu. Abin da ba za a lamunta ba shi ne a ƙara wa wani maki a ɓoye don ya haura. Da zarar an san kowane canji yana ɗauke da sunan mai yin sa, ma'aikaci ya samu abin fakewa: "Ranka ya daɗe, na'urar ba ta bari."

Ajiyar kwafin bayanai ta ko-ta-kwana kullum, a wuri biyu, ɗaya a wajen ginin. Kuma a gwada dawo da ita sau ɗaya kafin a fara, domin ajiyar da ba a taɓa buɗewa ba zato ce.

## Mataki na bakwai: gwaji

A zuba bayanan bara a cikin sabuwar manhajar a ga ko za ta fitar da jerin bara. Duk inda suka saɓa a bi sawu: ko manhaja ce ta yi kuskure, ko kuwa bara ne aka yi. Sannan a zaɓi fayil ɗari, mutum biyu su lissafa da hannu kowa shi kaɗai, a kwatanta. A ƙirƙiro ɗaliban bogi masu wuyar sha'ani: wanda ya tsaya daidai kan mafi ƙarancin maki, wanda ya gaza da ɗigo ɗaya, mai kiredit huɗu da A1 duka, wanda zai cika shekara 16 a ranar ƙarshe, mai fanko a gurbin jiha.

Amma dacewa da abin da aka saba yi ba shi ke nuna an yi daidai ba. Makarantar likitanci ta St George's da ke Landan ta yi manhajar tace masu nema a ƙarshen shekarun 1970, aka gina ta don ta kwaikwayi hukuncin malaman da ke tacewa, kuma ta kwaikwaya sosai. Daga baya aka gano tana rage wa mata maki, da masu sunayen da ba na Turawa ba, saboda abin da malaman suke yi ke nan tun asali. A 1988 hukumar daidaiton launin fata ta Birtaniya ta same su da laifin wariya. A 2020 kuma Ingila ta yi amfani da lissafin kwamfuta wajen ba da sakamakon kammala sakandare saboda korona ta hana jarrabawa. Lissafin ya duba tarihin makarantar da yaro ya fito, ya rage kusan kashi 40 cikin 100 na matakan da malamai suka bayar, cikin 'yan kwanaki gwamnati ta janye shi.

Saboda haka in wani kamfani ya zo muku da manhajar ƙirƙirarriyar basira da za ta "hango" wanda zai yi nasara, ku tambaye shi ko za ta iya bayyana wa uba, a layi uku, dalilin da ya sa ba a ɗauki 'yarsa ba. In ba za ta iya ba, ku tsaya kan tarawa da rabawa. Bayan kowane gwaji kuma ku kasa sakamakon bisa jinsi da jiha da irin makarantar sakandare, ku ga ko akwai wanda ake zubarwa fiye da kima.

Shekarar farko a tafi da tsohon tsari da sabo kafaɗa da kafaɗa, ko da a tsangaya biyu ne. Aiki ne ninki biyu, na sani.

## Mataki na takwas: sakin sakamako da sauraron ƙorafi

Jerin da manhaja ta fitar daftari ne. Kwamitin ɗaukar ɗalibai ya duba, shugaban makaranta ya amince, a tura ta CAPS, JAMB ta tabbatar, sannan ɗalibi ya shiga ya karɓa ko ya ƙi. Gurbin da aka bayar ta bayan CAPS ba halastacce ba ne, kuma ɗalibin ne zai ɗanɗana kuɗarsa ranar da ya zo tafiya bautar ƙasa. Kada shafinku ya ce wa kowa "an ɗauke ka" kafin wannan zagaye ya cika.

Kowane ɗalibi ya ga nasa lissafin a shafinsa: ga makin UTME bayan rabawa, ga na tantancewa, ga na kowane darasi, ga jimilla, ga inda aka yanke a kason da ya faɗa. Wannan kaɗai zai rage cincirindon baranda, domin mai 64.2 da ya ga an tsaya a 68.0 ba sai ya nemi wanda ya san wani ba. Shafin ya buɗu a ƙaramar waya da intanet mai rauni, kuma a gwada shi da cunkoso, don ranar sakin sakamako kowa lokaci ɗaya zai shigo.

Kada a manna jerin sunaye da lambobin waya da ranar haihuwa a fili. 'Yan damfara da irin wannan jeri suke kiran iyaye su ce a turo kuɗi a gyara wa yaro maki, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa makaranta alhakin abin da ta tara.

A ba da mako ɗaya ko biyu na ƙorafi, da fom a shafin, kowane ƙorafi da lambarsa, kuma waɗanda za su duba kada su zama su ne suka shigar da bayanan. A riƙe 'yan gurabe kaɗan har a rufe wannan ƙofa, don wanda aka gano an yi masa kuskure ya samu inda zai zauna. Wanda bai karɓi gurbinsa ba zuwa ranar da aka sa, manhaja ta ɗauko na gaba daga kason da gurbin ya fito: na yanki ya maye na yanki, na cancanta ya maye na cancanta.

In an rufe shekara, a kulle bayananta tare da kwafin ƙa'idar da aka yi aiki da ita da saitin manhajar na ranar, a ajiye ɗaya a ofishin magatakarda. Jerin ƙorafe-ƙorafen da aka samu da gaskiya kuwa a kai shi zaman farko na kwamiti, kafin a buɗe fom na shekara mai zuwa.